Injin mota da zaɓen reshe a Bande

A Turai, mai gyaran motarsa a gida yakan sayi ƙugiyar ɗaga inji mai ƙananan tayoyi. Kawo ta Bande, kan hanyar Zinder zuwa Magarya, yashi ya haɗiye tayoyin tun ba a kwance noti ɗaya ba.

Shi ya sa a nan sarƙa ake ratayawa a reshen bishiya a ɗaga inji. Sarƙar ba ta da wuya: mai ɗaukar ton 1 daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ta isa, tunda injin ƙaramar mota da wuya ya wuce kilo 200. Reshen da za a rataya ta ne abin shawara. Kuka ga girma, amma jikinta taushi. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya bar bakanike a rana. Tsamiya ce mai ƙarfi, sai dai an ce da masu gida a kanta, shi ya sa yaron gareji yake sallama kafin ya hau.