Yadda Ake Shanya Babbar Riga a New Bell Cikin Watan Agusta

Mataki na farko, ɗan'uwa, ka sauke wa uwargida laifi, ka kuma ƙyale mai wanki da guga ya sha ruwa. Ba zan tsaya koya maka jiƙo da saɓi da ɗauraya ba, domin duk wanda rigarsa ta kwana a igiya a Unguwar Hausawa ta New Bell, gari ya waye tana nan yadda aka rataye ta, ya wuce wannan aji. Abin da har yanzu muka ƙi amincewa da shi shi ne ilimin shanyar da iyayenmu suka gangaro da shi daga Kano da Garwa da Marwa ya tsaya a hanya, bai iso Douala ba. A can sai a matse, a baza, kafin la'asar an kwashe an linke. Daga nan muka ɗauka rana ce kaɗai ke busar da kaya, alhali iska ce ke kwashe ruwan ta tafi da shi, ita kuwa iska akwai iyakar abin da cikinta ke ɗauka.

Ga lissafin. Idan zafi ya kai digiri 30, iskar da ta cika fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ba ta iya riƙe tururin ruwa fiye da gram 30. A Kano lokacin hunturu, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, wato tana da gurbin gram 24 ko fiye, shi ya sa take wawure ruwan riga, ta haɗa da na leɓe da na diddige. A Douala cikin damina laima na kaiwa kashi 90, gurbin da ya rage bai wuce gram 3 ba. Iskar nan baƙo ce da ya ƙoshi tun daga tekun Atlantika da bakin kogin Wouri, kai kuma kana tura masa akushi. Garin da ake zuba masa ruwan sama sama da milimita 3,500 a shekara, wanda na Yuli da Agusta kaɗai ya fi abin da Kano ke samu daga farkon damina zuwa ƙarshenta, a nan ne kake son shadda yadi goma ta bushe kafin Juma'a.

Wani zai ce ai Douala ma da zafi, zafi kuwa shi ke busarwa. Ya duba wuyan rigarsa. Da zafi kaɗai na busarwa, da gumin da ke kwarara a bayan mai tuƙa bensikin, wato babur na haya, a bakin Kasuwar Congo ya ƙafe tun safe. Dalilin da ya hana gumi tashi daga fata shi ne ya hana ruwa tashi daga yadi, kuma shi ya sa digiri 30 na nan ya fi digiri 38 na Marwa galabaitarwa.

Mataki na biyu, ka shigar da kayan ɗaki ka kunna fanka. Shawara ce mai kyau, sai dai kada ka rufe taga don gudun feshin ruwa. Ɗaki mai mita uku kowane gefe, iskarsa gaba ɗaya gram 80 na ruwa za ta iya karɓa, ko kofin shayi bai cika ba. Babbar rigar da aka matse da hannu kuwa ba wuya ta riƙe lita guda. Sai iskar ɗakin ta sauya kakaf fiye da sau goma sha biyu kafin aiki ya kammala, wannan ma idan riga ɗaya ce, ba a sa jamfa da wando da kayan makarantar yara a lissafi ba. Amfanin fanka shi ne ta ture jiƙaƙƙiyar iskar da ke manne da yadin ta kawo wata. In ɗakin a rufe yake, ruwan kawai take kwasa daga riga ta raba wa katifa da littattafai da takalman sallah. Saboda haka a buɗe taga. To, tagar ina take kallo? Bangon maƙwabci, taku biyu tsakani, da kwata a ƙasa. Wannan kuwa tsohon ciwo ne: a wajejen 1914 Jamusawa suka tashi mutane daga bakin kogi suka tura su nan ciki, suka riƙe wa kansu tudun Bonanjo mai shan iskar teku. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan ana ta jera kwano kusa da kwano, har lungu ya zama ko mai tura baro sai ya karkata, balle iska. Wanda ya yi ginin da babu ta inda iska za ta shiga ta fita, shi ya kamata a kai wa jiƙaƙƙen wankin unguwa ya san yadda zai yi da shi.

Na uku, ko na huɗu ne, wari. Turare ba ya maganinsa. Ƙwayoyin cuta ne da fumfuna suka sami yadi mai ɗumi da danshi suka yi zamansu, kuma fumfuna ba ta buƙatar komai illa laima ta daɗe sama da kashi 70, abin da a nan ya zama ruwan dare. In ka zuba sitaci ka ƙara musu da abinci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahu kusa da mai rigar da ta bushe rabi da rabi, aka kuma feshe ta da turaren wuta, ya san ba a yaudari kowa ba.

Masu hali za su ce a sayi injin busarwa, ko a shanya ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Ta fuskar kimiyya sun yi gaskiya, don ruwan nan da ke ɗiga daga bututun bayan na'urar laimar ɗaki ce ta tatso. Amma injin busarwa na jan wuta ninki biyu ko uku na dutsen guga, a unguwar da wayoyi suka sarƙe a kan falwaya ɗaya, kowa na addu'a kada firjin maƙwabci ya tashi. Masu wayo kuma za su ce a koma yadin roba, tunda zarensa ba ya shan ruwa kamar auduga, nan da nan ya tsane. Haka ne. Sai dai gumin ma ba ya sha, don haka rigar ta bushe, mai rigar ya jiƙe.

Ya rage guga. Dutse mai ƙarfin wat 1,000 sai ya yi kamar minti 40 yana aiki ba hutawa kafin ya ƙone lita ɗaya ta ruwa, tururin kuma ɗakin nan dai zai koma. Duk da haka kada ka tsallake shi, kada kuma ka ce bugu ya wadatar. Akwai ƙudan da ke saka ƙwai a ƙasa da kan kayan da aka shanya a inuwa, tsutsarsa ta huda fata ta zauna kamar maruru, kuma zafin guga ne ke kashe ta, har cikin ɗinki da kalmasa. Ka goge ciki ka goge waje. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar aska takwas, ka ɗauko dutsen gawayi, muddin ka tuna ka ɗaga buhun gawayin daga ƙasa tun kafin ruwan daren jiya ya shigo tsakar gida.