Yadda Aka Hana Mu Rubutu A Ofis

Aikina a kamfaninmu shi ne kula da saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kuɗi, albashi da takardun kowa. Ɗakinta ne kaɗai ba ya rasa sanyi, shi ya sa a watan Afrilu nake yin farin jini, har waɗanda ba ma ga maciji da su sukan shigo gaishe ni.

Wata Litinin na sa manhajar smartctl ta tambayi faya-fayan SSD biyu da ke cikin sabar lafiyarsu. Kowanne ya ce kashi 91 cikin 100 na ƙarfinsa ya tafi. Na kwashi takarda sai ofishin Manaja.

"Ranka ya daɗe, faifanmu ya kai kashi 91."

"To a rage masa kaya mana!"

Kafin in buɗe baki ya kira sakatare. Zuwa azahar umarni ya zagaye ofis: kowa ya goge tarkacensa. Hajiya akanta ta goge bidiyon bikin 'yarta tana harara ta. Mai kula da sito ya goge wa'azin da ya ce tun bara yake shirin saurara. Washegari Manaja ya zo da kansa ya ga sakamako. Kashi 91, ko gezau.

A nan na samu na yi bayani. Na ce faifan SSD kamar allon almajiri yake: cika shi da rubutu ba ya kashe shi, yawan rubutawa da wankewa ne ke cinye shi. Ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar gogewa. Irin da ake kira TLC, mai ɗaukar ɗigo uku a ƙwaya ɗaya, yakan jure sau 1,000 zuwa 3,000. Ga shi kuma faifan yana rubutu shafi-shafi, amma ba ya iya gogewa sai dunƙule guda mai shafuka masu yawa. Don haka in ka canza ɗan abu, sai ya kwashe maƙwabtansa ya sake rubuta su a wani wuri, rubutun da ya yi a ciki ya fi wanda ka aika masa. Abin da ya ci ya ci, goge bidiyon biki ba ya dawo da shi.

Hajiya ta ce, "Wato a banza na goge?" Na duƙufa ina gyaran wata waya da lafiyarta ƙalau.

Manaja ya ce, "Ai biyu ne. In ɗaya ya mutu, ga ɗan'uwansa." Na ce, Yallaɓai, madubin juna ne, duk abin da aka rubuta wa wannan an rubuta wa wancan, rana ɗaya aka sa su, tare suke tsufa. Na kawo misalin gargaɗin da kamfanin HPE ya fitar a 2019, cewa wasu faya-fayansa za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki saboda kuskuren manhaja, kuma waɗanda aka kunna tare za su iya tafiya tare.

"Namu na HPE ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya kawo zancen mutane?"

Don in kwantar da hankali na ƙara da cewa a ƙa'idar NVMe ta irin waɗannan faya-fayai, wannan lamba ta kashi 91 kiyasi ce, kai wa 100 ba ya nufin mutuwa nan take, tana ma iya haurawa har 255. Manaja ya jawo kalkuleta ya buga. "Ashe da sauran 164! Kai yaron nan ka iya tayar da hankali."

Na koma ɗakin sanyi neman mai cinye mana faifai. Takardar sayayya ta nuna na kwamfutar gida ne, terabait ɗaya-ɗaya, garantinsu rubutun terabait 600 cikin shekara biyar. In ka raba, kusan gigabait 330 ke nan a rana. Faifan saba na gaske ana auna shi da sau nawa za a iya cika shi da rubutu kowace rana, wani sau ɗaya, wani uku, wani goma. Namu ko rabin sau ɗaya bai kai ba, amma ma'auni ya nuna ana ɗura masa kusan gigabait 700 kullum, dare da rana, har Lahadi.

Wane ne ke aiki ƙarfe uku na dare? Kyamarorin tsaro. Wanda ya kafa su ya ga saba da fili, ya juyo da hotunansu can. Na buɗe in ga tsaron da muke biya da ran faifai. Shida suna kallon bango. Ɗaya gizo-gizo ya yi mata labule. Wadda ta fi kyawun hoto kuwa tana kan Baba maigadi, yana barci a kan benci da rediyo a ƙirji.

Na mayar da kyamarorin kan faifai mai juyawa, rubutu ya faɗi ƙasa warwas. Na sa ƙararrawa ta riƙa sanar da ni tun lamba tana 70, na kuma rubuta buƙatar sababbin faya-fayai na saba, a canza ɗaya yanzu, ɗaya daga baya. Baba ya daina amsa gaisuwata.

Darasin dai ya shiga kunnen Manaja, har ya zarce. Ranar Juma'a aka liƙa sanarwa, rubutun hannu, a bakin ƙofa: tunda bincike ya tabbatar rubutu ke kashe saba, daga yau kada wasiƙa ta wuce layi uku, gaisuwa a yi ta da baki. Buƙatata ta sayen faifai ta kai shafi biyu. An dawo mini da ita, wai in taƙaita.