Tsintar Dami a Kala, Ko Kuwa Ido Ne?

Mu dai a unguwar nan babu wanda ya taɓa yin dabara, kowa sa'a ya taka. Tela ya shiga Kantin Kwari neman zare ya fito da kwangilar ɗinkin kayan 'yan makaranta, sai mu taɓe baki mu ce tsintar dami a kala ce. Ba mai tambayar yadda aka yi ya ji hirar da mutum goma suka wuce ba su ji ba. Shi ma telan in ka matsa masa, "Rabo ne kawai" zai ce, don yana tsoron baki. Da mai hassada da mai samu, duk mun haɗu mun binne basira.

Wani dattijo da ke zama majalisarmu bayan la'asar, malamin Turanci ne da ya yi ritaya, shi ya kawo mana labarin cewa Turawa suna da kalma guda ta irin wannan samu, serendipity. Mai shayi ya ce, "Malam, wannan ai sunan magani ne." Aka yi dariya, amma Malam bai fasa ba.

Wani Bature ɗan Ingila, Horace Walpole, ɗan firaministan ƙasar na farko, shi ya ƙirƙiro kalmar a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Horace Mann ranar 28 ga Janairu, 1754. Ya samo ta daga tatsuniyar Farisa ta 'ya'yan sarkin Sarandib su uku, wadda aka buga da Italiyanci a Benis a 1557. Sarandib kuwa tsohon sunan da Larabawa da Farisawa ke kiran tsibirin Siri Lanka ne. Nan limamin masallacinmu ya gyara zama, don ya san sunan: can ne dutsen da ake cewa Annabi Adamu ya sauka a kai, wanda Ibn Baɗuɗa ya hau a 1344.

Tatsuniyar ce ta fi daɗi. 'Yan sarkin suna tafe suka gamu da mai cigiyar raƙumi. Suka ce masa, mai ido ɗaya? Gurgu? Yana ɗauke da man shanu a gefe guda, zuma a ɗaya gefen? Mutumin ya ce to ai ku kuka sace shi, aka kai su gaban sarkin ƙasar da suke ciki. Alhali ko ƙeyarsa ba su gani ba. Ciyawa suka lura an cinye ta gefe ɗaya na hanya, an bar mai kyau a ɗaya gefen. Sawu uku suka gani da jan ƙafa ta huɗu. Tururuwa ta yi layi inda mai ya ɗiga, ƙudaje sun taru inda zuma ta zuba. Walpole ya manta ya mayar da raƙumin alfadari, amma ya riƙe abin da ya fi muhimmanci: kalmarsa tana nufin samun abin da ba ka fita nema ba, ta hanyar dace da kuma basira. Biyun tare.

Mu na farkon muke ɗauka mu bar na biyun. Dubi masanin kimiyya Alexander Fleming a 1928 a Landan. Ya dawo hutu ya tarar faranti ɗaya na gwajinsa ya yi funfuna, ƙwayoyin cutar da ke kewaye da funfunar sun mutu. Daga nan aka samu fenisilin. Malam ya tambaye mu, da mu ne me za mu yi? Wani ya ce, "Wallahi yaron da bai rufe farantin ba zan fara nema." Gaskiya ya faɗa.

Sai kuma wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, da ya dawo daga daji da karensa a 1941, 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale masa a wando. Ya sa su a madubin ƙara girma, ya ga 'yan ƙugiyoyi. Su ne asalin Velcro, abin da ke manne takalman yaranmu. Mu kuwa tun kakanni muke cire ƙarangiya a bakin wando muna tsaki.

Wani tsoho da ya yi kiwo a ƙuruciyarsa bai yarda an ci mana fuska haka ba. Ya ce, "Malam, abin da 'yan sarkin nan suka yi, ai masu bin sawu a ƙauyenmu kullum suke yi. Su dubi ƙasa su ce maka ɓarawon ya ɗauko kaya mai nauyi, kuma saniyar tana ɗingishi." Malam ya amsa masa da cewa haka ne, Baba, sai dai in sun kamo ɓarawon, asiri muke cewa suna da shi.

Turawan ma fa ba su tsira ba. Kalmar ta daɗe kwance ba mai taɓa ta, sai a ƙarni na 20 ta bazu, kuma da ta bazu sai ta saki rabinta. Yau mutum ya haɗu da tsohon abokinsa a tashar jirgi ya kira abin da sunanta. Ana raɗa wa shaguna da gidajen abinci, har fim aka yi da sunan a 2001, na soyayya, inda saurayi da budurwa suka bar wa ƙaddara komai. Da Malam ya faɗi haka, mai shayi ya ce to ashe mu da su duk kanwar ja ce, ya tambayi wa zai ƙara kofi.