Daga Litinin Zan Fara

Babu ranar da ta sha alkawari a ƙasar Hausa kamar Litinin. Duk mai tumbin da likita ya tsorata, duk wanda aka ce jininsa ya hau, amsarsa ɗaya ce: "Daga Litinin, in sha Allahu." Yau da yamma ba za ta yiwu ba, Laraba ma haka. Sai ka ce jiki ma'aikatar gwamnati ce, ba a buɗe fayil sai farkon mako.

Ranar Asabar mutuminka zai shiga kasuwar Ƙofar Wambai ya zaɓo kayan motsa jiki na gwanjo da kambas mai walƙiya. Lahadi kuwa ranar bankwana ce: balangu, tsire, lemo mai sanyi, tunda daga gobe an daina. A wannan daren kaɗai tumbin zai tara guzurin wata guda.

Litinin da asuba sai ga shi a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Mutumin da ko bakin titi ba ya zuwa sai a mota, yau ya rantse sai ya yi zagaye goma. Zai yi uku, ya ɗauki hoto tun gumi bai bushe ba, ya ɗora a WhatsApp, sannan ya biya wajen mai shayi. "Haɗa mini mai kauri, indomi biyu, ƙwai uku. Yau na wahala." Talata cinyoyi sun ƙi, ana salla a zaune, gida duk warin man zafi. Kafin Juma'a ƙaninsa ya gaje kambas ɗin.

Alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema bai taka kara ya karya ba: minti 150 a mako, ko da tafiya ce da ɗan sauri. Rabin awa ke nan sau biyar. To amma wa zai bar ka ka yi? A garinmu babban mutum ba ya tafiya a ƙasa haka kawai. Kafin ka kai kwana mota uku sun tsaya. "Alhaji, lafiya? Ina motar? Shigo mana in rage maka hanya." Ka ce motsa jiki kake yi, a yi murmushi irin na an gane. Kafin magariba labari ya isa majalisa cewa kasuwa ta juya maka baya, har wani ya ce shi dama ya daɗe da lura. Gudu a filin wasa da kaya masu sheƙi gayu ne. Tafiya a ƙasa cikin jallabiya karayar arziki ce.

Haka zancen sukari. Tun 2015 hukumar nan ta ce kada babba ya wuce kamar ƙaramin cokali 12 a rana, in da hali ma 6, ga shi kwalbar lemo guda tana ɗauke da wajen 9. Rage cokali ɗaya a shayi ba wuya. Aibinsa kawai, ba a yi masa hoto, ba wanda zai ce maka sannu da ƙoƙari. Shi ya sa Hajiya ta gwammace shayin rage ƙiba na Instagram, wanda a kwana bakwai zai narkar da abin da aka shekara goma ana tarawa. Irin wannan lissafin ne ya sa aka raina adashin ɗari biyu-biyu aka ruga MMM, mai ba da ribar 30 cikin 100 a wata, har ta kulle asusun mutane a Disamban 2016.

Mu ne fa masu cewa sannu ba ta hana zuwa. Sai dai rabin ƙarshen muka fi riƙewa, wato a daɗe ba a je ba.

Akwai wani dattijo a layinmu da bai taɓa ƙaddamar da komai ba. Ya rage tuwon dare, yana takawa kasuwa ya dawo, yanzu riga ta yi masa yawa, gwiwa ta daina ƙara. Matan unguwa sun ce ciwo yake ɓoyewa, abokansa sun ce bashi ne ya ci shi. Makon jiya 'yan'uwa suka zauna a kan lamarin, aka tsayar da cewa sammu ne, kuma har an fara karo-karon kuɗin mai magani.