Yadda Ake Zama da Ogan da Ya Sa Maka Ƙahon Zuƙa

Da farko dai ka koyi dariya. In Yallaɓai ya sake ba da labarin nan da kowa ya haddace, ka tuntsire har da buga tebur. Sai dai kada dariyarka ta zarce ta ɗan gaban goshinsa, wanda ke shigowa ofis da hantsi ya tashi da azahar, kuma shi ake turawa kwas Abuja da alawus. Dariya ma tana bin matakin albashi.

In ka kwana kana haɗa rahoto, gari ya waye ya karanta shi gaban manya da sunansa, ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan basira sai ku." Allah ya isa kuwa a zuci ake yin ta, bayan ka tabbata masinja ba ya kusa.

Dattawa za su ce maka mai haƙuri yakan dafa dutse. Haka ne, amma ba su faɗi kuɗin gas ba. Saboda haka ka haɗa haƙurin da fayil. Duk umarnin da ya ba ka da baki, ka bi shi da saƙo cikin ladabi: "Yallaɓai, don gudun mantuwa, yau kun ce in yi kaza." Azzalumin oga ba ya tsoron hawaye, kwanan wata yake tsoro. Takardar tuhuma in ta zo, ka amsa a taƙaice, ba zagi ba habaici, ka yi fotokwafi ka kai gida. Durowar ofis tana da makulli fiye da ɗaya.

Ka kuma san abin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanada: takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da fara aiki, hutun aƙalla kwana 6 da albashi bayan wata 12, notis na wata guda kafin sallama ga wanda ya shekara 5 a aiki. Leburori da akawuna ta fi karewa. Masu ɗaure wuya da lakatayi sai abin da kwantiraginsu ya ce. Ko ma dai yaya ne, kada ka karanto masa ita kafin ya sha shayi.

In tura ta kai bango, ka fara da ƙungiyarku ta ma'aikata. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a tun 1975, ba a biyan ko sisi. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a Kano da Kaduna, inda za a tambaye ka takardu, ba yawan ɓacin ranka ba.

Za a samu mai raɗa maka cewa ka kai sunansa wajen malamin tsibbu. Ka yi lissafi tukuna. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuma ba zai sayi baƙin ragon da za a ce ka kawo ba. Ga shi kuma kana iya isa ƙofar gidan malam ka tarar da motar Yallaɓai a inuwa, direbansa na gyangyaɗi.