Wasiƙa zuwa ga Malam Z, wanda ya bar layin 'yan'uwansa

Malam Z, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a sabon mazauninka na sama, kusa da A, ina rubuto maka ne daga Bibémi a kan maganar zumunci.

Ka san asalin gidanku. Tun 1997 da manhajar kiɗa ta Winamp ta fito, ku biyar ne a jere a layin ƙasa na kibod: kai ne mai komawa waƙar baya, X ya kunna, C ya dakata, V ya tsayar, B ya wuce gaba. Ba don sunanku aka zaɓe ku ba, don zaman da kuke yi ne, daidai da jerin maɓallan da ke fuskar manhajar. Hannun hagu ya kwanta a kanku, ido bai ko leƙo ba. Da Timo Hirvonen ya rubuta cmus, manhajar da ke kiɗa a baƙin allo babu hoto babu ado, wadda tsohuwar kwamfutata ke iya ɗauka ba tare da nishi ba, sai ya gaji wannan tsari yadda yake.

To, a kibod ɗin Faransanci, wato AZERTY, wanda ya cika ofisoshi da shagunan buga takardu daga nan har Garwa, sai ka tattara kayanka ka haye sama, ka bar W a gurbinka. Ina sauraron Shata, na so in maimaita waƙa, yatsa ya sauka inda ya saba, shiru kake ji. Ranar kasuwar Adoumri ma, in sa guda ya ɓalle daga garke ana samun mai bin sawunsa. Kai kuwa babu wanda ya yi cigiyarka.

Na lura kuma da Turawan da suka yi mulki a nan kake wannan hali. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, aka kore su a 1915, kuma a kibod ɗinsu ka yi musanyar wuri da Y. Faransawa suka zo, ka sake ƙaura. A kwamfutocin da ake shigo da su ta Yola da Mubi ne ake samunka a gida.

Abin haushin, ka koya wa wasu. A, mai zuba waƙa cikin taska, ya ba Q kujerarsa, alhali aikin Q rufe manhajar ne ɗungurungum. Allah Ya saka wa wanda ya sa take tambaya kafin ta fita. Lambobi 1 zuwa 7 da ake canza shafi da su kuwa, yanzu sai an haɗa da Shift, hannu biyu ke nan, mutum ya ajiye kofin shayinsa. H, J, K da L kaɗai suka riƙe amana. Suna nan inda Bill Joy ya same su a 1976, lokacin da ya rubuta manhajar rubutu ta vi a kan na'urar ADM-3A mai kibiyoyi a jikinsu.

Saboda haka ga hukunci. A cmus na rubuta :bind -f common w player-prev, na naɗa W a sarautarka. Ba ya da gado, amma yana zaune inda yatsa yake, kuma ni a wurina wannan ya fi tsatso. Ban tsige ka ba, domin ƙanena in ya ari kwamfutar kai yake nema.

In kana da ƙorafi, ka bi layi a bayan ƙ da ɗ da ɓ. Su ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba a kibod ɗin da ake sayarwa a kasuwa, ga shi kullum Hausa da Fillanci na aikensu.

Ka gaida A, ka ce masa shari'arsa na tafe.

Naka,
Mai sauraro daga Bibémi