Ƙwaron da ba a kai wa malamin gona

Manomin Maska bai taɓa rasa yadda zai kai ƙarar ƙwaro ba. Idan tsutsa ta shiga masara, sai ya tsinko ganyen da ita a ciki, ya ƙulle a leda, ya dire gaban malamin gona: “Ga ta nan, Malam.” Ko a jami'ar Harvard haka aka yi a 1947. Da wata 'yar malam-buɗe-littafin dare ta maƙale a cikin kwamfuta, ciro ta suka yi suka manna a littafin aiki.

To amma masu rubuta manhajojin da kowa ke da izinin dubawa da gyarawa, irin su ODK da ake cika bayanan gona da na rigakafi da ita, su ma ƙwaro suke kiran tangarɗa. Nasu dai ba ya shiga leda. Sai ka buɗe asusu, ka rubuta da Turanci wace waya ce, wane zubi ne, me ka danna kafin me.

Ƙanena yana zagaya ƙauyuka da wata manhaja irin wannan. Rahotonsa kullum kalma biyu ne: “Ta ƙi.” Na ce, me ta yi? Ya ce, “Yaya, tsayawa ta yi tana kallona.”

Alhali yaron nan, in injin ban ruwa ya lalace, har kukansa yake kwaikwaya wa bakanike a Funtuwa, kuma a gane. A sa masa maɓalli ɗaya mana, mai ɗaukar hoton fuskar wayar da muryarsa da Hausa. Sauran bayanan wayar ta tura da kanta, ai ta fi shi sanin sunanta.